Gidajen Gwamnati a Singafo: Yadda Aka Ɗaure Fili, Albashi da Gini da Igiya Ɗaya

Ranar 25 ga Mayun 1961, wadda ta yi daidai da Babbar Sallah, wuta ta tashi da rana a Bukit Ho Swee, wata unguwar bacoci da ke gefen birnin Singafo. Gidajen katako ne masu rufin kwano da ganye, sun cunkushe har motar kashe gobara ba ta da lungun shiga. Mutum huɗu suka rasu, kimanin 16,000 suka wayi gari ba su da wurin sa haƙarƙari. Firayim Minista Lee Kuan Yew ya yi musu alkawarin gidaje cikin wata tara, kuma a Fabrairun 1962 aka kammala benaye biyar masu ɗauke da gida 768.

Hukumar gidaje ta HDB ce ta yi aikin, a lokacin tana da shekara ɗaya da 'yan watanni. An kafa ta ranar 1 ga Fabrairun 1960, aka ɗora ɗan kasuwa Lim Kim San a kanta. Hukumar da ta gada daga Turawan Ingila ta gina gida kusan 23,000 ne cikin shekara 32. Ita kuwa cikin shekara biyar ta haura 50,000. Yau gidajenta sun wuce miliyan ɗaya, kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna ƙasar a cikinsu suke, kuma tara cikin goma na waɗannan saye suka yi.

Gidajen farko ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya mai faɗin murabba'in mita 23, hayarsa dalar Singafo 20 a wata, mai ɗaki biyu dala 40, mai uku dala 60. A wasu benayen banɗakin ma na tarayya ne. Zane ɗaya aka riƙa maimaitawa don magini kada ya tsaya tunani. Lim ya buɗe neman kwangila ga ƙananan 'yan kwangila domin karya ƙungiyar manyan da ke haɗa baki su tsuga kuɗi, daga baya hukumar ta mallaki wuraren fasa dutse da haƙar yashi da masana'antar bulo nata na kanta. Duk wannan ya rage tsadar gini. To amma gini shi ne ɓangare mafi sauƙi a lamarin, domin kowace gwamnati mai kuɗin siminti za ta iya tayar da bene. Abin da ya bambanta Singafo yana ƙarƙashin benen.

Fili

Kafin gobarar, mai fili da bacoci suka cika masa wuri ba ya iya korar mutane cikin sauƙi, saboda dokar haya ta kare su. Idan wuta ta share wurin, filin ya zama fayau, farashinsa ya yi sama. Wato gobara riba ce ga mai fili. 'Yan kwanaki bayan Bukit Ho Swee majalisa ta gyara doka: filin da gobara ta share, gwamnati za ta karɓe shi a kan abin da bai wuce sulusin kuɗin filin da ba kowa a kai ba.

A 1966, shekara ɗaya bayan rabuwa da Maleshiya, aka yi dokar karɓar fili mai faɗin gaske. Gwamnati na iya karɓar kowane fili don gidaje, masana'antu ko wani aikin jama'a. Mai fili na da damar ƙorafi kan yawan diyya a gaban kwamitin ɗaukaka ƙara, ba shi da damar hana karɓar. A 1973 aka ƙara ɗaure igiyar: za a biya diyya da farashin ranar 30 ga Nuwamban 1973 ko na ranar karɓa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Hujjar ita ce, idan gwamnati ta ja titi da ruwa da lantarki da kuɗin haraji, ƙarin darajar da filin gefen titin ya samu na jama'a ne. Filin da ke hannun hukuma ya tashi daga kashi 44 cikin 100 a 1960 zuwa 76 a 1985, yanzu yana wajen 90.

Wasu ne suka biya kuɗin wannan arahar. Manoman kayan lambu da masu kiwo an tashe su daga gonakinsu aka kai su hawa na goma, inda ba wurin ɗaure akuya. Tsofaffin gidajen Larabawan Hadramaut, irin su Alkaff da Alsagoff, waɗanda suka mallaki filaye masu yawa har da na waƙafi, sun yi asara mai girma. Matattu ma ba su tsira ba: maƙabartar Bidadari, wadda ke da sashen Musulmi da na Kirista, an tone ta a farkon shekarun 2000, yanzu rukunin gidajen HDB ne a wurin. Sai a 2007, bayan an gama kwashe mafi yawan abin da ake buƙata, aka koma biyan diyya da cikakken farashin kasuwa.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

A 1964 aka fara sayar wa mutane gidajen a madadin haya. Kasuwar ba ta ja ba, saboda ana neman kafin alƙalami na kashi 20 cikin 100, kuma lebura ba shi da shi. Mafitar ta fito daga wani asusun ajiyar tsufa da Turawa suka kafa a 1955, mai suna CPF, inda a lokacin ake cire kashi 5 daga albashin ma'aikaci, ubangidansa ya ƙara 5. A 1968 aka halatta taɓa wannan ajiya don biyan kafin alƙalami da kuma biyan wata-wata. Daga nan aka yi ta ɗaga abin da ake cirewa, har ya kai kashi 25 daga kowane ɓangare a 1984, jimilla rabin albashi, kafin karayar tattalin arziki ta 1985 ta sa a sassauta wa masu ɗaukar ma'aikata.

Lee bai ɓoye dalilinsa na siyasa ba. An fara bautar ƙasa ta soja a 1967, kuma a ganinsa iyalin da ba su mallaki komai ba, ba za su yarda ɗansu ya mutu yana kare dukiyar attajirai ba. Mai gida kuma ba ya son tarzoma a ƙofar gidansa.

Ga yadda lissafin yake a yau. Ma'aikacin da bai wuce shekara 55 ba ana cire masa kashi 20, ubangidansa ya zuba 17. Idan bai wuce 35 ba, kashi 23 na albashin ne ke shiga aljihun asusun da aka yarda a sayi gida da shi. A ɗauki misalin miji da mata, kowanne na karɓar dala 4,000. Dala 920 ke shiga wannan aljihu na kowannensu, wato 1,840 a wata su biyu. A ce gidan da suke so, mai ɗaki uku da falo, murabba'in mita 90, kuɗinsa dala 400,000. HDB za ta ba su bashin da bai wuce kashi 75 ba, wato 300,000, a kan kuɗin ruwa kashi 2.6 cikin 100, na tsawon shekara 25. Biyan wata zai kama kusan dala 1,360. Asusun ya biya, har da saura, ba tare da sun taɓa kuɗin cefane ba. Ragowar 100,000 ɗin ta fito daga abin da suka tara a asusun da tallafin gwamnati, wanda ga masu ƙaramin ƙarfi da ke sayen gidan farko yake kaiwa dala 120,000 tun Agustan 2024.

Wannan 2.6 ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Asusun na biyan masu ajiya kashi 2.5, gwamnati ta ranci kuɗin, HDB ta ba da bashi da ƙarin 0.1 kacal. Kuma tun da ana yankar kuɗin ne kafin albashi ya iso hannu, ba a bin kowa gida-gida ana roƙo ya biya.

Mai karatu a Najeriya zai ga ya san kayan aikin nan guda biyu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filin jiha a hannun gwamna, Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 kuma yana cire kashi 2.5 na albashi, a ba da bashi a kan kashi 6. Sai dai mai albashin naira 100,000 abin da yake tarawa naira 30,000 ne a shekara, kuɗin da bai wuce na buhunan siminti uku ba. Fili yana hannun jiha, asusu yana hannun tarayya, mafi yawan mutane kuma ba su da albashin da za a yanka. Singafo birni ɗaya ce mai gwamnati ɗaya, jam'iyya ɗaya ke mulki tun 1959, kusan kowa kuma a kan takardar albashi yake.

Matakan sayen sabon gida ba su da yawa. Iyali su nemi takardar cancanta, wadda ke nuna tallafin da za su samu da iyakar bashinsu. Dole a samu ɗan ƙasa a ciki, kuɗin shigarsu kada ya wuce dala 14,000 a wata, biyan bashin kada ya ci fiye da kashi 30 na albashi. HDB ta tallata rukunin da za ta gina, kwamfuta ta jefa ƙuri'a ta ba kowa lambar layi, da ita ake zaɓar hawa da ƙofa. Sai jiran gini na shekara uku zuwa biyar. Bayan karɓar makulli, shekara biyar ba sayarwa, ba ba da hayar gidan gaba ɗaya. Kuma abin da aka saya ɗin haya ce ta shekara 99, maganar da za mu dawo kanta.

Hukumar kanta ba riba take ci ba. Tana sayen fili daga gwamnati a farashin kasuwa, ta sayar da gida ƙasa da haka, baitulmali ya cike giɓin. A shekarar kuɗi ta 2023 giɓin ya haura dala biliyan 6.

Daga bene zuwa unguwa

Ƙasashe da yawa sun gina dogayen benaye don talakawa, cikin shekara ashirin suka koma matattarar ɓarayi. Singafo ta kauce wa wannan ne da abubuwan da ba sa fitowa a hoton bikin buɗe gida.

Tun daga Toa Payoh, garin farko da HDB ta tsara da kanta a tsakiyar shekarun 1960, ba a kai mutane wuri sai an tanadi kasuwa, makaranta, asibitin sha-ka-tafi da tashar bas, galibi har da ƙananan masana'antu a gefe don mata su samu aiki kusa da gida. An raba gari zuwa unguwanni masu gida 4,000 zuwa 6,000, daga baya aka ƙara yanka su ƙanana, gida 400 zuwa 800 a kewayen filin wasa ɗaya, bisa tunanin cewa iya nan ne mutum zai san fuskar maƙwabcinsa. Masu sayar da abinci a bakin titi an tattara su a rumfuna masu famfo da magudana. A gari ɗaya, wani lokaci a bene ɗaya, akwai gida mai ɗaki biyu da mai biyar, don haka direban tasi da injiniya makarantar 'ya'yansu ɗaya.

Hawan ƙasa na yawancin benayen an bar shi fayau, ginshiƙai kawai da 'yan kujerun kankare. Ranar Lahadi za ka tarar an kewaye shi da labule mai ado, an girka tukwanen shinkafa, ana bugun ganguna, bikin auren Malayawa ne. Bayan kwana uku a wuri guda an kafa rumfa, akwatin gawa a tsakiya, Sinawa na zaman makoki har dare. Daga sama kuma gorori ne suka leƙo daga tagogin kicin, an zura musu wanki. Zaure ne na mutanen da ba su da zaure.

Masallatai ma ta hanyar albashi aka bi. Da aka rushe tsofaffin ƙauyuka, ƙananan masallatansu suka tafi tare da su. A 1975 aka kafa asusun gina masallatai, inda a lokacin kowane ma'aikaci Musulmi ke ba da santi 50, wato rabin dala, a wata, hukumar CPF ta tattara, a miƙa wa majalisar harkokin Musulunci. Masallacin Muhajirin na Toa Payoh, wanda aka buɗe a 1977, shi ne na farko da aka gina da kuɗin.

Sai batun ƙabila, wanda ya fi kowanne jawo ka-ce-na-ce. A Yulin 1964 rikici ya ɓarke tsakanin Malayawa da Sinawa a ranar zagayen Mauludi, aka yi asarar rayuka. Wajen rabon sababbin gidaje HDB ta riƙa gauraya mutane, amma da aka fara sayarwa hannu da hannu, kowa ya soma komawa kusa da danginsa. A Maris na 1989 aka sa iyaka: a bene ɗaya Sinawa kada su wuce kashi 87, Malayawa 25, Indiyawa da sauran ƙabilu 13, wanda aka ɗaga zuwa 15 a 2010. Idan kason Sinawa ya cika a wani bene, Bamalaye ba zai iya sayar wa Basine gidansa ba. Tun da Sinawa su ne kusan kashi uku cikin huɗu na masu saye, gidan nasa zai daɗe a kasuwa, ya kuma karye a farashi. Dokar ta hana unguwannin ƙabila ɗaya, amma marasa rinjaye ne suka fi ɗaukar nauyinta, kuma masu suka na cewa ta tabbatar babu mazaɓar da Malayawa za su yi rinjaye. Sai a 2022 hukumar ta yarda ta riƙa sayen irin waɗannan gidaje da kanta, idan mai gidan ya shekara goma a ciki kuma ya yi ta talla bai samu ciniki ba.

Gyara kuwa an miƙa shi ga majalisun garuruwa tun dokar 1988, ɗan majalisar mazaɓa ne ke jagoranta. Kowane gida na biyan kuɗin hidima a wata, ana ware wani kaso don manyan ayyuka irin su sauya lif da tankin ruwa, ana sake fenti duk shekara bakwai. Tsofaffin benaye lif ɗinsu ba ya tsayawa a kowane hawa, abin da bai dami matasan 1970 ba sai da gwiwa ta fara ciwo. A 2001 aka fara aikin gyara wannan, kuma ba a taɓa bene sai kashi 75 na masu gidajen sun amince. A nan siyasa ta shigo da ƙafar hagu. A zaɓen 1997 Firayim Minista Goh Chok Tong ya faɗa a fili cewa mazaɓun da suka zaɓi 'yan adawa su ne na ƙarshe a layin gyara. Hougang da Potong Pasir, mazaɓu biyu da suka zaɓi 'yan adawa, sun daɗe suna jira.

Akwai kuma waɗanda tsarin bai san da zamansu ba. Gwauro sai ya kai shekara 35 zai sayi gida shi kaɗai. Leburorin da ke gina benayen, yawancinsu daga Bangaladash da Indiya, ba su da rabo a ciki. Kimanin 300,000 na kwana a ɗakunan tarayya a bayan gari, mutum goma ko fiye a ɗaki, kuma a nan ne korona ta fi yin ɓarna a 2020.

Taura biyu

Kafin 1971, mai son barin gidansa HDB yake mayar wa, a biya shi kusan abin da ya saya. A shekarar aka ba shi damar sayar wa wani a duk yadda suka yi ciniki. Daga ranar gidan ya samu aiki na biyu: ban da wurin kwana, ya zama jari. Gwamnati ta ji daɗin haka, ta riƙa gaya wa mutane cewa gidansu ne fanshonsu. A 1989 ta buɗe wa baƙi masu izinin zama kasuwar gidajen hannu, a 1993 ta fara ba da bashi bisa farashin kasuwa. Cikin shekara uku farashi ya ninka.

Rikicin kuɗi na Asiya a 1997 ya sa layin masu nema ya watse dare ɗaya, HDB ta tsinci kanta da gida kusan 31,000 ba mai saye, ta shafe shekaru tana neman kai da su. Don kada a maimaita, a 2001 ta koma tsarin sai an yi oda a gina: ba a aza tubali sai mafi yawan gidajen rukunin sun samu masu su. An gudu daga gara aka faɗa gidan zago. Da jama'a suka ƙaru a shekarun 2000, babu gida a ajiye, farashi ya sake tashi, matasa suka yi ta faɗuwa ƙuri'a. A zaɓen 2011 jam'iyya mai mulki ta samu kashi 60, mafi ƙanƙanta tun samun 'yanci. Ministan gidaje ya bar kujera, magajinsa Khaw Boon Wan ya koma gina kusan 25,000 a shekara, ya kuma raba farashin sabon gida da na kasuwar hannu. Korona ta sake tsayar da gini, kuma a 2024 gidajen gwamnati sama da 1,000 aka sayar a kan dala miliyan ɗaya ko fiye kowanne.

Uban da ya sayi gida a 1985 yana son farashi ya hau, 'yarsa da za ta yi aure tana son ya sauka, kuma dukansu masu jefa ƙuri'a ne. Tun Oktoban 2024 ake raba sababbin gidaje gida uku bisa kyan wuri. Waɗanda ke tsakiyar birni ko kusa da tashar jirgi ana ƙara musu rangwame, amma sai an shekara goma kafin a sayar, a mayar wa hukuma wani kaso na kuɗin, kuma mai sayen ma akwai iyakar albashinsa. Wannan janye wani ɓangare ne na ƙofar da aka buɗe a 1971.

Kuɗin asusun ma ba kyauta ba ne. Ranar da mutum ya sayar da gida, dole ya mayar wa asusunsa duk abin da ya ciro, haɗe da ruwan kashi 2.5 da kuɗin zai haifa da an bar shi. Wanda ya zuba duk ajiyarsa a gida yakan kai tsufa da bango mai tsada da aljihu mara nauyi. Shi ya sa aka ɓullo da tsarin da tsoho zai sayar wa HDB wutsiyar wa'adinsa, ya ci gaba da zama a ciki, kuɗin ya koma fansho.

Wa'adin nan na shekara 99 shi ne kullin da ba a kwance ba tukuna. Tun 1995 akwai shirin da ake rushe tsofaffin benaye a ba masu su sababbi da sabon wa'adi, sai mutane suka riƙa sayen tsofaffin gidaje da tsada da fatan sa'a ta faɗo kansu. A Maris na 2017 ministan gidaje na lokacin, Lawrence Wong, wanda ya zama Firayim Minista a 2024, ya ja kunne: kashi 4 cikin 100 na gidaje kaɗai shirin ya taɓa, sauran idan wa'adi ya cika za su koma hannun hukuma. An ga samfurin haka a ƙarshen 2020, lokacin da gidaje 191 a Geylang, waɗanda ba na HDB ba, wa'adinsu na shekara 60 ya ƙare, masu su suka fita ba diyya. Ƙa'idar asusun ma tana rage darajar tsohon gida tun kafin lokacin: idan ragowar wa'adi ba zai kai wanda ya fi ƙuruciya cikin masu saye zuwa shekara 95 da haihuwa ba, ana taƙaita abin da za su ciro, idan bai wuce shekara 20 ba kuwa ba za su ciri ko santi ba. Masu saye su ragu, farashi ya bi su.

Gidajen da aka sayar a Queenstown da Toa Payoh a ƙarshen shekarun 1960 yanzu saura musu shekara arba'in da 'yan kai. A 2018 gwamnati ta sanar da wani shiri: idan rukuni ya kai wajen shekara 70, mazaunansa za su jefa ƙuri'a ko su mayar wa hukuma tun da wuri a biya su, a kan diyyar da ba ta kai ta tsohon shirin ba. An tsara fara shi a shekarun 2030.